Turaren da ya zauna cikin mai: daga Khartum zuwa Kano da tashar Abijan

Manyan kamfanonin kayan shafa na Faransa da Amurka sun ɗauki shekaru suna tallar abin da suke kira sabuwar hikima, wato a haɗa man gyaran fata da turare a mazubi guda, a shafa sau ɗaya a sami laushin jiki da ƙamshi tare. Duk wanda ya tashi a tsakar gidan Hausawa ya san hikimar nan ta girmi kamfanonin. Uwa takan narka man kaɗanya ta ɗiga masa turare kafin ta murje jaririnta da shi. Amarya takan yi kwanaki tana shan dilka da hayaƙin sandal kafin a kai ta ɗakinta. A wurinmu ba a taɓa raba gyaran fata da ƙamshi ba. Akwai kuma wani turaren kamfani da ya gane haka fiye da shekara ɗari da suka wuce, ya gina sunansa a kai, har yau kuma yana kan tiren masu talla tun daga Maiduguri har bakin teku.

Idan ka shiga kasuwar Adjamé a Abijan, ko ka bi layukan Treichville kusa da masallatai, za ka tarar da shi a wurin mutanen Nijar da Mali da Senegal, a jere da carbi da aswaki da kwalli. 'Yar kwalba ce mai cin mililita 12, an manna mata koriyar takarda mai hoton budurwa. A jikinta an rubuta Bint el Sudan, mu kuma muna ce masa Bintu Sudan ko Binta Sudan. Da yawa daga masu sayensa sun ɗauka daga Makka yake zuwa, wasu su ce daga Sudan. A Landan aka haɗa shi, a 1920, shekara guda kafin Chanel No. 5 da Turawa ke alfahari da shi ya fito a Faris.

Kamfanin da ya yi shi sunansa W. J. Bush, wanda aka kafa a Landan a 1851, sana'arsa haɗa sinadaran ƙamshi da na ɗanɗano. Yana da wani saurayi wakilin talla mai suna Eric Burgess, wanda aka tura yawon neman kasuwa a Afirka da ƙasashen Larabawa. Labarin da iyalinsa suka riƙe, wanda jikansa Will Ross, tsohon wakilin BBC a Najeriya, ya bayar, shi ne cewa a 1919 wasu manyan mutanen Sudan suka zo wurinsa a Khartum, suka zauna aka sha shayi, sannan suka fito da 'yan kwalaben ƙamshin da suke so, suka ce a haɗa masu turare guda daga cikinsu. Burgess ya koma Landan da kayan, masu haɗin kamfanin suka yi watanni suna gwadawa, har aka sami abin da ya dace: ƙamshin furanni irin su yasmin a sama, miski da ambar a ƙasa. Hoton budurwar da ke jikin kwalbar ma shi ya ɗauke shi a Sudan.

Abin da ya fi muhimmanci a labarin shi ne abin da aka narka ƙamshin a ciki. Turaren Turai na zamanin a cikin sifirit ake yin sa, tun daga ruwan Kolon da Johann Maria Farina ya fara sayarwa a Jamus a 1709. Bintu Sudan kuwa a cikin mai aka zuba shi, babu ko ɗigon sinadarin barasa. Wannan shawara guda ita ta buɗe masa ƙofofin da turaren Faris bai iya shiga ba.

Dalili na farko na addini ne. Musulmi mutum ne mai son ƙamshi, sunna ce ya shafa ranar Juma'a da ranar Idi, ga ɗakin amarya, ga likkafani. Amma malamai sun yi saɓani a kan turaren da ke da sinadarin barasa, ko ya halatta a yi salla da shi a jiki, kuma dattijo mai tsantseni ya fi son ya kauce wa abin da ake shakka a kansa. Turaren mai ya raba wannan gardama. Dalili na biyu na yanayi ne. Sifirit yana da saurin tashi, a zafin bazara na Sakkwato ko Damagaram kafin mutum ya isa masallaci rabin ƙamshin ya bi iska. Mai kuwa yana kama ƙamshi ya riƙe, yana sakinsa a hankali gwargwadon yadda jiki ya ɗumama. Masu turaren garin Grasse a kudancin Faransa sun san wannan sarai, shi ya sa a da suke shimfiɗa furen yasmin a kan kitse ya tsotse ƙamshinsa. Dalili na uku shi ne fata kanta. Sifirit yana busar da ita, kuma wanda hunturu ya riga ya yi wa kaushi da faso ba ya bukatar ƙarin bushewa. Mai yana rufe fata ya tsare damshinta. Don haka wanda ya shafa Bintu Sudan a wuya da hannu ya yi turare ya kuma yi shafa a lokaci guda.

Burgess bai ƙirƙiri wannan tunani ba. Ya same shi ne a hannun matan Sudan, ya kuma yi hankalin saurare. A can matar aure tana da humra, wadda ake haɗawa da sandal da mahalab da kanumfari da farce da miski a bar su su tsumu. Tana da dilka ta murje jiki, tana da ramin hayaƙi da ake zama a kansa a lulluɓe, tana da man karkar na gashi. Duk waɗannan, in ka duba, hanya ɗaya suke bi: a tsabtace fata, a ba ta mai, sannan a sa ƙamshi ya shiga cikin man. Ta Chadi da Barno wannan ilimi ya iso mana, shi ya sa har gobe idan ana maganar gyaran jiki a Kano ko Kaduna sai a nemi 'yar Maiduguri ko 'yar Shuwa.

Mu ma ba hannu rabbana muke ba kafin zuwansa. Ƙasar Hausa tana da kajiji da jema daga fadama, tana da jibda da ake yaɓowa daga jikin juda, tana da hano da sauran itatuwan ƙaro. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a Fabrairun 1851, shekarar da aka kafa kamfanin Bush, cikin kayan da ya lissafa ayarin hamada na kawowa akwai man wardi da jawul da kanumfari. Kasuwar Kurmi ta san farashin ƙamshi tun kafin a san Landan a nan. Abin da Bintu Sudan ya kawo shi ne daidaito da araha: kwalbar da ka saya bana ita ce ta bara, talaka kuma zai iya mallakarta.

Hanyar da ya biyo zuwa yamma ita ce hanyar alhazai. Kafin jirgin sama, mai niyyar Makka daga Kano yakan bi ta Maiduguri, ya ƙetare zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ya wuce Abeche da Fashir da El Obeid, ya kai Khartum, daga nan ya nufi bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, wasu su tsaya noman auduga a Jazira su tara guzuri, wasu su zauna ke nan, kamar jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Mai dawowa yana bukatar tsaraba marar nauyi mai daraja, wadda ba ta lalacewa, wadda za a karɓa a kowane zango. 'Yar kwalbar nan ta cika sharuɗɗan duka, har aka riƙa musayar kaya da ita kamar kuɗi a wasu wurare. Daga jakar alhaji ta samo albarkar da ake jingina mata, kuma daga nan ne zancen cewa turaren Makka ne ya samo tushe.

Da ya zauna, sai ya shiga ko'ina. Yana cikin lefe. Masu haɗa humra da turaren wuta suna zuba shi cikin haɗinsu tare da ɗan goma da ɗan duwala. Ana yayyafa shi a likkafani. Masu bori a nan da masu zar a Sudan suna neman sa. Sai kasuwar ta yi girman da ɗauko kwalabe daga Ingila ya zama asara, aka koma kawo ruhin turaren a durom, a gauraya shi da mai a ɗura a Kano. Kamfanin Gongoni, wanda mutane suka fi sani da maganin sauro na Rambo, shi ke wannan aiki bisa izini, yana fitar da miliyoyin kwalabe a shekara. Da rikicin Boko Haram ya durƙusar da kasuwar Maiduguri, wadda ta nan kaya ke bi zuwa Chadi da Kamaru, cinikinsa ya ji jiki sosai. Masu jabu kuma ba su taɓa barinsa ya huta ba.

Mallakar sunan da sirrin haɗin kuwa ba su taɓa zuwa Afirka ba. A 1966 aka haɗe kamfanin Bush da wasu biyu ya zama Bush Boake Allen, a 2000 kuma kamfanin International Flavors & Fragrances na New York ya saye shi. Mutanen Sudan suka kawo ƙamshin, matan Barno da Hausa suka raya shi shekara ɗari, takardar haɗin kuma tana Amurka. Ina ganin wannan ya kamata ya dame mu fiye da yadda yake damunmu.

To me ya kai shi Abijan, garin da ke da ruwan sama da laima, inda hunturu ba ya wuce 'yan makonni? Mutanensa ne suka kai shi. Hausawa sun daɗe da sanin ƙasar da ake kira Kwaddibuwa a yau, ta dalilin goro. Fataken Gwanja ba a Salaga kaɗai suke tsayawa ba, wasu sukan zarce Bonduku, kuma lokacin da Bafaranshe Louis-Gustave Binger ya shiga birnin Kong a 1888 ya tarar da unguwar Hausawa marina da karofinsu. Amma duk wannan harkar ta arewa ce. Bakin teku bai ja hankalin fatake ba sai da Faransa ta juya akalar ciniki zuwa kudu.

A 1904 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Abijan, aka sa masa suna Abijan zuwa Nijar. Ya kai Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954, bai kuwa taɓa shiga Nijar ba. Matsalar Abijan ita ce tana bakin tafkin Ebrié, kuma tudun yashi ya raba tafkin da teku. Jiragen ruwa sai su tsaya can nesa, a riƙa jidar kaya da ƙananan jirage zuwa gadar ƙarfe a Grand-Bassam, daga baya a Port-Bouët, cikin igiyar ruwa mai haɗari. An gwada yanka yashin a farkon ƙarni, teku ya sake cike ramin. Sai a 1950 aka kammala mashigin Vridi mai tsawon kilomita 2.7, ruwan teku ya haɗu da na tafki, manyan jirage suka samu wurin tsayawa a natse. Ranar 5 ga Fabrairun 1951 aka buɗe tashar, kuma wanda ya zo buɗewar shi ne François Mitterrand, a lokacin yana ministan ƙasashen Faransa na ƙetare.

Wannan mashigi shi ya yi Abijan. Turawa sun keɓe wa kansu tudun Plateau, suka bar wa baƙaƙe unguwanni biyu: Adjamé daga arewa, da Treichville a ƙetaren ruwa daga kudu, inda ƙauyen Anoumabo yake a da, aka sa mata sunan Marcel Treich-Laplène a 1934. Treichville ita ce maƙwabciyar tashar, layukanta a jere da lambobi, nan 'yan dako da ma'aikatan jirgin ƙasa da kantunan Kwarori suka taru. Adjamé ta zama tashar mota da babbar kasuwa, ƙofar duk wanda ya sauko daga arewa. Mutanen Tawa da Dosso da Maraɗi da Birnin Ƙonni suka shigo da albasar Galmi da dabbobi da nama da maganin gargajiya. Sun bar alama har a tukunyar garin: abincin da talakan Abijan ya fi ci, wato aceke na rogo da soyayyen kifin tuna daga tashar masunta, sunansa garba, saboda 'yan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi.

Baƙo yana tafiya da hancinsa. Bahaushen da ya yi shekara ashirin a Adjamé, ran da za a yi sunan ɗansa ƙamshin gida yake nema. A Treichville kuma ya haɗu da 'yan uwa masu irin wannan ɗabi'a: matan Mali da turaren wutarsu da suke kira wusulan, matan Senegal da curai, dukansu suna jiƙa saiwa da itace da turaren mai su bar shi ya tsumu a kwalba. Kasuwar Treichville ta ƙone a 1997, aka sake gina ta, sana'ar nan kuma ba ta gushe ba. Mai saye yakan sa a ɗiga masa a bayan hannu, ya murza, ya ɗan jira, sannan ya shinshina. Tambayarsa guda ce: yana kama jiki? Wannan tambaya ita ce ma'aunin turare a duk yankin, kuma mai ne kawai ke amsa ta.

Yanzu a juya a dubi abin da ke fita ta tashar, domin a nan rabin labarin yake. Abijan na cikin manyan tashoshin fitar da koko na ƙasar da ta fi kowace noma shi a duniya, kayan da suka ratsa ta a 2023 sun haura tan miliyan 30, kuma ita ce ɗaya daga ƙofofin teku na Mali da Burkina Faso da Nijar, duk da cewa yaƙin da ya ɓarke a Satumban 2002 ya karkatar da wani kaso na cinikin zuwa Tema da Lome da Kwatano. Cikin buhunan da jirgin ƙasa da manyan motoci suka daɗe suna saukewa a nan daga Korhogo da Bobo-Dioulasso da Sikasso akwai ƙwaryar kaɗanya.

Kaɗanya itace ce mai jinkiri. Takan kai shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ta fara 'ya'ya, kuma yawancinta ba shuka ta aka yi ba, manomi ne ya tarar da ita a gona ya ƙi sarewa. Aikin manta na mata ne tun daga farko har ƙarshe. Da damina su fita da asuba su tsinci 'ya'yan da suka faɗo, cikin ciyawa da macizai. A ci naman ko a cire shi, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, sannan a zauna a yi ta bugun ƙullun da hannu ana ƙara ruwa har man ya taso fari a sama. A kwashe a dafa, a tace, a bar shi ya daskare. Ibn Battuta ya ga wannan mai a ƙasar Mali a 1352, ya ce ana girki da shi, ana kunna fitila, ana shafawa, har ana yaɓen ɗaki. Mungo Park ya yabe shi a ƙarshen ƙarni na 18, har masana tsirrai suka taɓa liƙa sunansa a sunan itacen. Abin da ya bambanta shi da man gyaɗa ko manja shi ne yana daskare a inuwa amma yana narkewa da ɗumin jiki, yana kuma ɗauke da wani kaso mai yawa na sinadaran da ba sa zama sabulu, waɗanda su ne ke kwantar da fata.

Aibinsa guda a wurin mai kwalliya shi ne warinsa, musamman in an soya ƙwaryar da hayaƙi. Nan turare ya shigo. Matar da ta ɗiga Bintu Sudan ko humra a cikin man kaɗe ta warware matsalar da kamfanoni daga baya suka kashe miliyoyi a kanta, su da suke tace man da inji su cire masa launi da wari sannan su mayar masa da ƙamshin da suka zaɓa.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan a Turai shi ne kamfanin L'Occitane. Olivier Baussan ya kafa shi a 1976 a yankin Provence, yana ɗan shekara 23, da tsohuwar tukunyar tatsar man ganye, yana sayarwa a kasuwannin ƙauye. Daga turare ya shiga sabulu, a wajen 1980 kuma ya je Burkina Faso, lokacin ana kiranta Haute-Volta, ya fara sayen man kaɗanya a hannun mata. Man hannun kamfanin, mai kashi 20 cikin ɗari na kaɗanya, ya zama cikin kayansa mafi tashe a duniya. Gaskiya ce kamfanin ya zaɓi sayen man da aka riga aka sarrafa maimakon ɗanyar ƙwarya, ya yi aiki da ƙungiyoyin dubban mata, kuma wannan ya fi abin da wasu ke yi. Amma tsarin bai canza ba. Man na Sahel ne, sunan da ƙamshin da ribar ƙarshe na Turai ne, kamar yadda na Bintu Sudan suke na Amurka.

Mafi yawan kaɗanyar da ake fitarwa ma ba shafawa ake yi ba, ci ake yi. A 2000 Tarayyar Turai ta yi doka ta yarda a sa wasu mayukan tsiro har kashi 5 cikin ɗari a cakulan a madadin man koko, kaɗanya na ciki. Kwaddibuwa ta yi adawa da dokar don tsoron faɗuwar kokonta, alhali 'yan arewacinta masu kaɗanya su ne cikin masu amfana. Kaya biyu masu gasa da juna suna fita ta mashigi guda.

Abijan ba ta tsaya a fitar da ɗanye kawai ba, wannan dole a faɗa. Tun zamanin mulkin mallaka iyalin Blohorn suka kafa masana'antar mai da sabulu, wadda Unilever ta saya a farkon shekarun 1980. A unguwar masana'antu ta Yopougon akwai kamfanoni irin su SIVOP da Nouvelle Parfumerie Gandour, na iyalai 'yan asalin Labanan, masu yin turare da man shafawa da hoda da kayan jarirai. Ruhin turare da sauran sinadarai su shigo ta tashar a kwantena, a haɗa a Yopougon, dillalan Adjamé su ɗauka, motoci su kai Bamako da Yamai, wasu kayan su ɓullo har Kantin Kwari da Sabon Gari. Matar da ke Kano tana shafa man da aka yi a Abijan sau da yawa ba tare da ta duba bayan robar ba. A Afirka ta Yamma kaɗan ne garuruwan da suka kai Abijan a wannan sana'a.

Sai dai a cikin wannan bunƙasa ne cuta ta shigo. Tsohuwar manufar shafa ita ce fata ta yi laushi da sheƙi a launin da Allah ya yi ta. Dilka da kurkum da lalle suna goge datti su fito da haske, ba sa kashe launi. Daga baya kasuwa ta cika da mayukan bilicin, abin da mutanen Abijan da Bamako ke kira caco, masu ɗauke da haidirokinon ko sinadarin makuri ko magungunan kumburi masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, su kawo nankarwa da baƙin tabo a kumatu da gaɓoɓin yatsu, rauni ya ƙi warkewa, wasu su taɓa ƙoda ko su tayar da hawan jini da ciwon suga. Kuma duk suna da ƙamshi mai daɗi. Turaren da a da yake rakiyar man da ke gyara fata, a nan an sa shi ya rufe warin abin da ke cinye ta. Wannan cin amanar sana'ar ne, kuma 'yan matanmu ne ke biyan kuɗinsa da jikinsu.

A ƙarshen Afrilun 2015 gwamnatin Kwaddibuwa ta haramta mayukan da ke da makuri, ko waɗancan magungunan kumburi, ko haidirokinon da ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Doka ce mai kyau, ta kuma riga ta ƙasashe da dama. Amma wanda ya zaga Adjamé bayan haka ya san kayan ba su ɓace ba, wasu sun koma ƙarƙashin tebur, wasu an sake masu suna, wasu kuma a bayan shago ake haɗa su a roba marar rubutu. Haka abin yake a Kano, inda wasu masu gyaran jiki suka fara zuba irin waɗannan sinadarai cikin haɗin amare suna kiransa na gargajiya. Uwar da za ta kai 'yarta gyaran jiki yau tana da haƙƙin ta tambayi abin da ke cikin kowace roba, kuma mai sana'ar kirki ba za ta ji haushin tambayar ba.

A ɓangaren kaɗanya kuwa gwamnatoci sun fara motsi. Burkina Faso da Mali sun dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarya a 2024, Kwaddibuwa ta bi sahu a farkon 2025, Najeriya, wadda ta fi kowa yawan itacen, ta sanar da nata hanin na wata shida a Agustan 2025. Manufar ita ce a tatse man a gida. Ina goyon bayan manufar, amma abin da ya fara biyo baya a Najeriya shi ne faɗuwar farashin ƙwarya, kuma wadda ta fara jin zafin ita ce matar ƙauye a Neja ko Kebbi da ta tsinto ta. Idan ba a tanadi injinan da za su saye a farashi mai kyau ba, an ɗauke riba ne daga hannunta an miƙa wa mai masana'anta.

Ko an tatse man a gida ma, saura rabin aikin. Abin da ke sa robar man shafawa ta ninka kuɗinta shi ne ƙamshin da sunan, kuma ruhin ƙamshin har yau daga Grasse da Geneva da New York da Dubai yake shigowa ta Vridi da Apapa. Masu turaren duniya suna sayen saiwar jema mafi yawa daga Haiti, alhali 'yar uwarta tana tsirowa a fadamun kogin Kwara muna saƙa zana da faifai da ita. Kajiji yana bakin tafkin Chadi. Matan Maiduguri da Damagaram da Treichville suna da haɗe-haɗen humra da suka gada daga kakanni, kowace da nata, amma ana sayar da su a tsofaffin kwalabe babu awo, babu rajista, babu ranar lalacewa, don haka ba sa iya ƙetare kan iyaka sai a jakar matafiyi. Abin da Bush ya yi a 1920 bai wuce ya auna, ya rubuta, ya maimaita ba. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Félix Houphouët-Boigny a Cocody duk suna da sassan ilimin sinadarai da za su iya zama da waɗannan mata a yi wannan awo, a rubuta haɗin da sunan mai shi, a kai wa NAFDAC ko takwararta ta Abijan ta sa hannu.